Ku Fara Auna Tabkinku

Ƴaƴana na Tanut da Belbeji, da na Gangara, Olelewa, Falanko da Tanhiya, maganar kifi zan yi muku, na kuma san da yawa za su yi mamaki. Damargu ƙasar hatsi ce da dabba. Tun zamanin da ayari ke tasowa daga Kano ya ratsa Damagaram ya nufi Agadas, mu ne rumbun Abzin: hatsinmu ake ɗora wa raƙuma a kai arewa, a dawo mana da gishiri da dabino. Ba mu da gulbin da ke gudu shekara. Ruwan saman da Tanut ke samu ba kasafai yake haura milimita 300 ba, wasu rijiyoyinmu kuwa sai an ɗaura igiya ga raƙumi ko bijimi kafin guga ya fito. To me ya haɗa mu da kifi?

Ku ne kuka haɗa mu. Wayar hannu ta kawo muku hotunan samarin Kano da Ibadan tsaye a bakin kwamin siminti, tarwada na ta birgima, ana lissafa riba. Wasunku sun je cin rani Najeriya sun gani da idonsu, sun dawo da niyyar su ma su gwada. Niyyar ba ta da laifi. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ce a 2022 kifi da sauran dabbobin ruwa da ɗan Adam ya kiwata sun zarce waɗanda ya kamo, karo na farko a tarihi: tan miliyan 94 da ɗoriya, kashi 51 cikin ɗari. Yaron da ya ga duniya ta nufi can ya ce shi ma zai bi, ba wanda zai zarge shi. Abin da nake so in hana ku shi ne farawa da sayen siminti. Akwai wani mai bincike ɗan Indiya da ya fara daga wani wuri daban, kuma rayuwar aikinsa ta fi duk hotunan nan kusa da halin da muke ciki.

Sunansa Modadugu Vijay Gupta. An haife shi a 1939 a garin Bapatla, jihar Andhra Pradesh, kusa da bakin teku. Ya shiga aikin binciken kifi na gwamnatin ƙasarsa a farkon shekarun 1960, a yankin Kalkata, lokacin da masanan can ke gwada haɗa kifi iri-iri a tabki guda: wani na cin abin da ke saman ruwa, wani na tsakiya, wani na kiwo a laka, don kada wani abinci ya tafi a banza. Daga nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta kai shi ƙasashen kogin Mekong, ya yi shekaru a Lawos. A 1986 ya sauka Bangaladesh, a 1989 ya shiga cibiyar ICLARM, wadda ake kira WorldFish yanzu. Shekararsa hamsin a lokacin. Ku riƙe wannan, ku da ke ganin in mutum ya kai talatin bai yi suna ba ya makara: aikin da duniya ta san shi da shi ya zo ne bayan ya kwashe sama da shekara ashirin yana shiga laka yana awon kifi.

Bangaladesh ƙasar ruwa ce, amma talakanta ba shi da tabkin kirki. Abin da yake da shi kududdufi ne a bayan gida, ramin da aka ɗebi ƙasa aka tada daɓen ɗaki saboda ambaliya, ko wani kwari a gefen hanya. Ruwa ya kwanta wata huɗu, wata shida, ya ƙafe. Kifin da aka saba kiwo a can yana son kusan shekara kafin ya isa kai wa kasuwa, don haka aka ɗauka waɗannan ramuka ba su da wani amfani, ko a lissafin ma'aikata ba su shiga. Gupta ya karɓi ramin yadda yake. Tambayarsa ita ce: wane kifi ne zai girma kafin wannan ruwa ya ƙafe, me kuma zai ci wanda matar gida ba sai ta kwance bakin zane ta saya ba?

Shi da abokan aikinsa na cibiyar binciken kifi da ke Mymensingh suka yi ta gwaji har suka tsaya a kan karfasa da wani ƙaramin farin kifi na Asiya mai saurin girma. Abincin kuwa dusar shinkafa ce, da ƙananan ganyayen da ke yawo a bisa ruwa, da ragowar lambu, da kashin shanu da na kaji da ake zubawa don ruwan ya yi kore, domin koren nan ƙananan tsirrai ne da ido ba ya rarrabewa, su ne abincin karfasa na asali. Daga ramukan da ba su ba da komai sai sauro aka riƙa samun tan ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi a hekta cikin ƴan watanni. Ramin gida guda bai kai ko kusa da hekta ba, abin da ke fitowa ƴan kilo ne, amma ƴan kilon nan sun shiga tukunyar da ba ta saba ganin nama ba.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne inda ya yi gwajin. Bai tsaya a tabkunan cibiya masu gadi da ma'aikata ba. Ya kai abin ramukan manoma, ya haɗa kai da ƙungiyoyin da ke shiga ƙauyuka irin su BRAC, ya bar mai rami ya yi da hannunsa, da kuskurensa, da abin da gidansa ke iya samarwa. Dabarar da ta ci nasara a hannun gwani kawai ba ta riga ta zama dabara ba. Kuma da yake ramin a bayan gida yake, mata suka rungumi abin, mata Musulmi irin iyayenku, waɗanda da yawansu ba su nisa da gida. A 2005 aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a kan abinci, wadda Norman Borlaug ya kafa, ake bayarwa a jihar Iowa ta Amurka. Ba na mance wannan shekara, ku ma ku tambayi manyanku: ita ce shekarar da fari da fara suka bar rumbunan Damagaram da Maraɗi wayam, uwaye suka yi layi da ƙananan yara a wuraren ciyar da masu tamowa.

Kada wani ya ji wannan ya ce mu kwafi Bangaladesh. Can ruwan sama yana haura milimita 2000 a shekara, ya ninka namu wajen sau bakwai ko fiye, ƴaƴan kifi kuma a kan keke ake yawo da su ƙauye-ƙauye ana sayarwa. Wanda ya kwafi amsar Gupta ya kawo Damargu ya saɓa wa Gupta. Abin ɗauka daga gare shi shi ne ɗabi'ar duban ruwan da ke gabanka kafin ka zaɓi kifi, da duban aljihun mai ruwan kafin ka zaɓi abinci.

Mu ma a Nijar an yi bincike mai zurfi a wannan fanni, ya kamata ku sani. Daga farkon shekarun 1980, wani mai bincike ɗan Faransa, Jérôme Lazard, tare da ma'aikatan gandun daji na ƙasarmu, sun gwada kiwon karfasa a keji mai yawo a bisa kogin Kwara, a wajen Yamai da Tilaberi, da wurin renon ƴaƴan kifi a Sona. Sun koyi abubuwa da yawa. Namijin karfasa ya fi mace girma da sauri, don haka ake tsince maza tun suna ƙanana a sa su kaɗai. In ɗari ya shigo ruwa ya yi sanyi, kifin ya rage cin abinci, girma ya tsaya. Kogin kansa bai da tabbas: a watan Yuni na 1985 ya daina gudu a Yamai. Duk da haka kifi ya girma a kejin, an sayar, an ci. Sai dai keji da waya da abincin da ake haɗawa da tunkuza da dusa da garin kifi duk kuɗi ne, kasuwa kuma ga kifin da masunta ke kamowa ba tare da sun ciyar da shi ba. Da tallafin waje ya ja baya, aikin ya yi ta raguwa. Ba na kawo wannan don in rage darajar waɗanda suka yi shi. Abin da suka rubuta yana nan, mai son aikin kifi a Nijar dole ya karanta. Na kawo shi ne don ku ga inda ake gane tasirin mai bincike: a je bayan shekara goma da tafiyar motocin shirin, a duba ko akwai talakan da ke ci gaba da yi da kuɗin aljihunsa.

Yanzu mu yi lissafin simintin nan da ke ranku. Kwami mai mita uku tsawo, uku faɗi, ɗaya zurfi, yana cin lita 9000, wato jarka 360 mai lita 25. Tarwadar da aka cunkusa a ciki tana ci tana kashi a ruwan da take shaƙa, don haka ruwan sai an riƙa sauya shi a kai a kai, in ba haka ba ya yi wari kifi ya mutu. Ku je bakin famfon unguwarku a watan Afrilu, ku ga ƴan matan da suka kafa jarka tun asuba, ku tambayi kanku daga ina jarka 360 za su riƙa fitowa. Ga abinci: a kiwon tarwada irin na kasuwa, shi ke cinye wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin da aka kashe, kowane kilo na kifi kuma sai ya ci kilo ɗaya ko fiye na abincin buhu, wanda daga nesa za a kawo muku shi. Ban ce ba inda zai yiwu ba. Mai garka da ke da rijiya mai injin hasken rana, wanda dama zai ban ruwa ga tumatir da kabeji da zogale, yana iya ratsa ruwan ta kwamin kifi tukuna. Ruwan da ya fito daga kifi taki ne. A nan lissafi na iya fita, domin ruwa ɗaya ya yi aiki biyu. Amma saurayin da ya sayar da awakin uwarsa ya gina kwami a tsakar gida yana sayen ruwa a jarka, ina jin tsoron abin da zai same shi, ina kuma jin tausayin uwar.

Ruwan da muke da shi kyauta shi ne na tabki. Kowace damina kwaruruka suna cika, a kwarin Tarka da fadamun da ke tsakanin tuddai, da ramukan da masu aikin hanyar Damagaram zuwa Agadas suka bari. Wani ya ƙafe kafin a gama girbi, wani ya kai ɗari, wani ƙalilan ya taɓa rani. Zuba ƴaƴan kifi a tabki ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Ma'aikatan gandun daji sun daɗe suna yi, su ɗebo daga ruwa mai ɗorewa su kai wani, a hana su na ƴan watanni, sannan a buɗe. Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas ya ga kifin Tabalak a bakin hanya, a yankin da shi ma ba gulbi gare shi ba. A jiharmu ga Gidimuni da Lasuri, a Maraɗi ga Madarunfa. Sai dai waɗannan manyan ruwaye ne masu daɗewa. Namu ƙanana ne masu gajeren kwana, kowanne da halinsa, kuma halin nan shi ne abin da nake roƙon ku ku fara sani.

Ba ya bukatar kuɗi. Sanda mai tsawo da aka yi wa zane kowane santimita goma, a kafa a wuri mafi zurfi tun kafin ruwa ya sauka. Littafi da biro. Ranar da tabki ya cika a rubuta. Kowane mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, a rubuta inda ruwa ya tsaya. A ƙasa irin tamu rana da iska kaɗai suna iya shan kusan santimita ɗaya a yini idan zafi ya tsananta, ban da abin da ƙasa ke tsotsewa da abin da garke ke sha. Tabkin da zurfinsa mita ɗaya ne a ƙarshen Satumba, ku lissafa da kanku ko zai ga Janairu. A tsoma hannu har gwiwar hannu a duba tafi: in ya ɓace cikin kore, ruwan na da abinci, in ya ɓace cikin ja tun yatsu ba su nutse ba, laka ce ta hana rana shiga, karfasa za ta sha wuya a nan ko da an zuba taki. A samu ma'aunin zafi a auna ruwan da sassafe a watan Disamba, domin karfasa in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 girmanta ya kusa tsayawa, in ya yi ƙasa sosai ta mutu. A ɗanɗana ko akwai kanwa. A zo da asuba a duba, domin a lokacin ne iskar da ke narke cikin ruwa ta fi ƙaranci, tsirrai sun kwana suna sha ba rana. In ka ga kifi ya taso yana buɗe baki a sama kafin rana ta fito, ruwan ya gaza. A rubuta garke nawa ke sauka, daga wane wata. A rubuta tsuntsayen da ke zuwa.

A kuma tambayi tsofaffi. Akwai dattijon da ya san shekarar da tabkin garinku ya fara kai rani, da shekarar da rairayi ya cike bakinsa, da ko an taɓa tono gaiwa a busasshiyar lakarsa. Gaiwa ta cancanci ku tsaya a kanta. Kifi ne mai huhu. In ruwa ya janye ta nutse a laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi ya bushe, ta bar ƴar ƙofar shaƙar iska, ta kwanta watanni har damina ta dawo. Tarwada ma tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe karfasa, har ta ja ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta sauya wuri. Allah Ya riga Ya halicci kifin da ya dace da ruwa mai gajeren kwana. Sai dai dukansu biyu mafarauta ne, tarwada har ƴar'uwarta take haɗiyewa in ta fi ta girma, don haka wanda ya zuba ƙananan karfasa a tabkin da gaiwa ta kwana a ciki, abinci ya kai mata. Irin wannan sani, in ba a rubuta shi tabki-tabki ba, kowane shiri da ya zo sai ya sake yin asarar da na gabansa ya yi.

Damina ɗaya ba ta isa ba. Kun san ƙasarmu: bana ruwa ya yi yawa har ya ci gidaje, baɗi a yi shuka uku ba ta tsaya ba. Littafin da ya haɗa damina biyar a jere, na tabki guda, da hannu guda, dukiya ce da babu injin da zai ba da ita. Hoton tauraron ɗan Adam yana nuna faɗin ruwa, ba ya nuna zurfinsa, ba ya ɗanɗana kanwa.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba, ko da za ta rage wa wasu zafin niyya. Tabkin Damargu na dabba ne kafin ya zama na kifi. Muna zaune a daidai inda gona ke ƙarewa makiyaya ta fara. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta wannan yanki namu layinta ya bi, dokokin karkara na 1993 da na kiwo na 2010 kuma sun kare haƙƙin makiyayi na isa ga ruwa. Bafulatanin da ya koro shanu daga nesa da Buzun da ya sauko da raƙumansa ba baƙi ba ne a bakin tabkin nan, kakanninsu sun sha a wurin. Duk wanda ya ce zai kewaye tabki da ƙaya ko waya saboda kifi ya kunna wutar da kifin duniya ba zai biya ba. Kuma ko ta fuskar ilimi ma kuskure ne, domin kashin da shanu ke bari a bakin ruwa shi ne takin da ke ciyar da kifin. Kafin a zuba ko ɗan kifi ɗaya, a zauna da maigari da arɗo da shugabannin makiyaya da hukumar ƙasa ta gari, a yarda a kan wata nawa za a hana kamun kifi, wa zai yi gadi, yaya za a raba. A yarda ba za a ja gidan sauro a matsayin taru ba, domin yana kwashe har ƴaƴan kifi, ga maganin da ke jikinsa guba ne gare su. A yarda ba za a wanke injin feshin maganin fara a ruwan ba. A tuna kuma da tsargiya: katantanwar da ke ɗauke da ita a irin wannan ruwa take zaune, yaron da ke yini a ciki yana su shi za ta fara kamawa. Mai bincike na gaskiya yana rubuta wannan a shafi ɗaya da nauyin kifin.

Kasuwa ma sai an auna ta. Da yawa daga ƴan'uwanmu makiyaya ba su saba cin kifi ba, al'adarsu ce, ba abin gardama ba ne. Tabki kuma in zai ƙafe, kifinsa gaba ɗaya yake fitowa a mako ɗaya ko biyu, ba ƙanƙara, ga zafi. Banda tana cin itace, itace kuwa kun san yadda ya zama a wurinmu. Shanya da gishiri a kan raga, sama da ƙasa, nesa da ƙuda da rairayi, tana iya fin dacewa da ƙasar da rana da busasshiyar iska suka yi mata yawa. Wannan ma abin gwaji ne, da sikeli da littafi.

A nan nake so ƴan matanmu su matso kusa. Wata mai bincike, Shakuntala Haraksingh Thilsted, haifaffiyar Tirinidad, ta samu irin lambar da Gupta ya samu, a 2021, kuma a Bangaladesh ɗin ta yi mafi yawan aikin. A da masu kiwo kan kashe ƙananan kifayen gargajiya kafin su zuba manya, suna ganin ciyawa ce a gona. Ita da ɗalibanta suka kai ƙananan ɗakin gwaji, suka samu cewa wani ɗan kifi da ake kira mola cike yake da bitamin A, kuma da yake ana cin ƙananan kifi duka da kai da ƙashi, suna ba da sinadaran ƙarfe da na gina ƙashi fiye da tsokar babban kifi. Aka kuma gwada aka ga ana iya kiwonsu tare da manyan ba tare da manyan sun ragu ba. Babba ya tafi kasuwa, ƙarami ya shiga tukunya, har ana busar da shi a daka a zuba wa yaron da ake yaye. Ku duba abin da wannan ke nufi gare mu. Tabkin wata uku ba zai ba ku ƙaton kifin ɗaukar hoto ba, ƙanana zai bayar. Namiji mai lissafin kasuwa zai ce an yi asara. Yarinyar da ta karanta ilimin abinci, ta kuma san kunun da ƙaninta ke sha safe da yamma ba komai a ciki sai hatsi da ruwa, ita za ta gane cewa cokali ɗaya na garin kifi a kunun nan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙasar da tamowa ke dawo mata kowace bazara tana bukatar wannan yarinya a jami'a, iyayenta su bar ta ta kai.

Wanda ya ji zai ɗauki wannan a matsayin aikin rayuwa, hanya tana nan. Ku riƙe lissafi da ilimin halittu tun daga kwaleji, kada ku guje su don suna da wuya. Akwai Jami'ar André Salifou a Damagaram, da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da sashen aikin gona na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da makarantar IPDR ta Kollo mai horar da ma'aikatan karkara, da cibiyar INRAN da aka kafa a 1975. A Najeriya akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, bakin tabkin Kainji. Ku koyi Ingilishi a kan Faransancinku, domin yawancin abin da aka rubuta a kan karfasa da tarwada da shi aka rubuta. In lokacin rubutun kammala karatu ya zo, malami ya ce ku zaɓi batu, ku ce tabkin garinku, ku ajiye masa littafin damina biyar a gabansa.

Ku kuma san cewa abin da ake gani kamar sauƙi yau, wahalar wasu ce ta shekaru. Tarwada ba ta yin ƙwai a tsare da kanta, sai ta ji ambaliya. Masu bincike a Afirka ta Tsakiya a shekarun 1970, sannan a Jami'ar Wageningen ta Holan, su suka daidaita yadda ake yi mata allurar da ke nunar da ƙwai, a tatse, a haɗa da ruwan namiji, a ƙyanƙyashe. A kan wannan aka gina duk kasuwar tarwadar Najeriya da kuke gani a waya. Karfasar da Asiya ke alfahari da ita kuwa tamu ce. A 1988 aka fara wani aiki a Filifin, aka ɗebo iri daga Masar, Gana, Kenya da Senegal, aka haɗa da na gonakin Asiya, aka riƙa zaɓen waɗanda suka fi saurin girma ana haɗa su, kamar yadda manomi ke ware zangarniyar da ta fi ƙoshi ya rataye don iri. Bayan zuriya biyar, girmanta ya ƙaru da wajen kashi 85 cikin ɗari. Sun zaɓa ne don ruwan Asiya da abincin Asiya. Mai zaɓen irin da zai jure jan ruwa, da sanyin hunturu, da kwana ɗari kacal, daga cikin masu irin wannan ruwa zai fito.

Tambaya mafi wuya a wurinmu, wadda nake so wani daga cikinku ya ɗauka ya rungume, ita ce ta ƴaƴan kifi. Tabkin da zai yi wata huɗu ba ya jira. In ya cika a Agusta, sai a zuba a Agusta, kuma a zuba masu ɗan girma, kamar tsawon yatsa ko fiye, waɗanda tsuntsu da kwaɗo da ƙwarin ruwa ba za su gama da su ba. In sai an jira mota ta taso daga kudancin jiha a Oktoba, ta yi tafiyar kilomita ɗari da hamsin ko fiye da ganguna cikin rana, wasu sun mutu a hanya, sauran kuma ɗari zai tarar da su ba su yi ƙwari ba. Mafita ita ce iyayen kifi su yi rani a nan Damargu, a ɗan ƙaramin kwami kusa da rijiyar da ba ta ƙafewa, su hayayyafa a bazara in ruwa ya ɗumama, ƴaƴan su isa zubawa daidai saukar damina. A nan ne siminti ke da amfani a ƙasarmu, domin ƴan iyaye kaɗan ba su cin ruwa da abinci irin na kiwon kasuwa, kwami ɗaya kuma zai iya wadatar da tabkunan ƙauyuka da dama. Iyaye nawa, ruwa lita nawa a mako, inuwa irin wacce a watan Mayu, dusar hatsi da tunkuza kashi nawa-nawa, a jarka ko a leda za a ɗauke su a kan babur, da wane lokaci na dare: kowanne sai an gwada an rubuta, an sake gwadawa a damina ta gaba. Wanda zai fara ya je ofishin gandun daji na Tanut ko na Belbeji tun rani, ya tambayi waɗanne tabkuna aka taɓa zuba wa kifi, a wane wata, daga ina aka ɗebo, da abin da aka kama.